Kilomita 21 a titunan Kaduna: sharhin wanda ya zo a sahun baya

Lokacin da wanda ya zo na ɗaya ya karɓi kyautarsa, aka ɗauke shi hoto, ya zauna yana hutawa, ni ko rabin hanya ban kai ba. Saboda haka duk mai son jin yadda ake cin gasar gudun fanfalaki sai ya nemi wani ya ba shi labari. Ni malamin makaranta ne, shekarata 43, ina zaune a Badarawa, na gama kilomita 21 cikin awa 2 da minti 47. Abin da zan faɗa shi ne yadda tseren yake ga irinmu da muka biya kuɗin rajista don kawai mu ga ko jiki zai kai mu.

Sha'awar ta samo asali ne ranar Asabar 21 ga Nuwamban 2020, da aka yi babban tseren nan na Kaduna wanda 'yan Kenya suka lashe. Ina tsaye bakin titi da ledar ƙosai a hannu suka wuce. Ba su haki, ba su buga ƙafa, sai ka ce kwalta ce ke tura su. Na ce a raina wannan ba harkarmu ba ce. Can bayan wajen awa guda sai ga wani mai tumbi irin nawa ya taho yana ɗingishi, jama'a na yi masa kirari. Wannan mutumin ne ya tsaya mini a rai. Amma sai da aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa, likita ya ce in rage gishiri in ƙara motsa jiki, sannan na fara fita Dandalin Murtala bayan sallar Asuba. Da wasu masu shiryawa suka sanar da nasu tseren, na rabin zango, na sa sunana ba tare da na yi shawara da kowa ba. Maiɗakina da ta ji, cewa ta yi, "Malam, kai da ko bas ba ka bi da gudu?"

A nan bari in gyara wani kuskure da ake yawan yi, don ni ma na yi shi. Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka gada daga wasannin Olamfik na Landan na 1908. Irinsa ake yi a Legas tun 2016. Namu rabinsa ne, kilomita 21 da 'yan mitoci ƙasa da ɗari. Na faɗi haka ne saboda a makarantarmu an yi ta yaɗa cewa Malam ya yi gudun kilomita 42, ni kuma na ɗan yi shiru na kwana biyu kafin in ƙaryata.

Rajista ba ta ba ni wahala ba. A waya na yi, kuɗin bai kai na man da babur ɗina ke sha a mako ba, saƙon tabbatarwa ya shigo nan take. Ana jibi tsere na je na karɓi lambar da ake maƙalawa a ƙirji da riga. Rigar ce matsala ta farko: auduga ce mai kauri, irin wadda ke shanye gumi ta manne a jiki. Wani tsohon soja da muke atisaye tare ya gan ta a hannuna ya ce, "Ɗana, wannan ta zuwa ɗaurin aure ce, kada ka yi gudu da ita. In kuwa ka nace, ka shafa basilin a nono da hammata da matse-matsi." Na yi dariya. Na sa rigar, ban shafa komai ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sai da na yi kwana huɗu ina tsoron ruwan wanka.

Takalmi kuwa gwanjo na saya a Kasuwar Barci, kuma shi kaɗai ne bai ba ni kunya ba a ranar. Dalili, wata uku na yi ina gudu da shi, kuma na sayi wanda ya ɗan fi ƙafata, don ƙafa tana kumbura in tafiya ta yi nisa. Na ga wani saurayi da sabon kambas fari tas, a kilomita na 9 ya zauna bakin kwalbati ya cire, dugadugansa duk sun yi bororo. Ya rataye takalmin a wuya ya ci gaba da safa. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi, amma shi ya saba, wannan bawan Allah kuwa ban sake ganinsa ba.

An ce a hallara ƙarfe shida, a tashi shida da rabi. Mun yi sallah mun taho cikin sanyin hunturu, hazo ya rufe gari, kowa na tsalle-tsalle don jini ya motsa. Sai bakwai da kwata aka sake mu, saboda ana jiran wani babban baƙo da zai ɗaga tuta, shi ma da ya zo sai da ya yi jawabi. Wanda bai taɓa gudu ba zai ce minti 45 me ne ne. Ga 'yan gaba ba komai ba ne, don za su gama kafin rana ta yi ƙarfi. Mu da za mu kwashe kusan awa uku a hanya, wannan minti 45 ɗin daga sanyin safiyarmu aka yanke shi aka mayar mana da shi cikin zafin hantsi.

Duk da haka, kilomita goma na farko ban taɓa jin daɗin Kaduna irin na wannan lokaci ba, kuma a nan dole in yaba wa masu shiryawa. Sun rufe hanya ruf. Daga shataletalen Lugard Hall muka miƙe Titin Ali Akilu, titin da kullum nake bi a ɗarare ina kauce wa motoci, yau ga ni a tsakiyarsa, ba hon, ba hayaƙi, ba abin da kake ji sai sautin ƙafafu da numfashin na kusa da kai. A ƙafa ne na gane cewa titin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Akwai hawa a hankali wanda mai mota ba zai taɓa sani ba, cinya ce ke faɗa maka. Wajen Unguwar Sarki almajirai suka biyo mu da gudu, robobinsu na kaɗawa, suka wuce ni ba tare da wata wahala ba, ɗaya ya waigo ya ce, "Baba, ƙara mai!" Mata sun leƙo ta ƙofar gida, masu shayi sun bar tukunya suna tafi. Akwai 'yan mata da hijabi cikin masu gudun, akwai 'yan Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri, akwai waɗanda suka zo daga Zariya. Ni da aka haifa a garin nan na san rabon da in ga mutanen tsallaken kogi da na wannan ɓangare sun cika titi ɗaya ba siyasa ba rigima ya daɗe.

Tun ban kai Kawo ba 'yan gaba suka juyo, muka yi kiciɓis a ɗaya hannun. Sirara ne, yawancinsu 'yan Filato. Ba mamaki, Jos tana kan tudu kusan ninki biyu na Kaduna daga gaɓar teku, wanda ya taso yana gudu a inda iska ba ta da kauri, jininsa ya saba ɗaukar iska da kyau, in ya sauko ƙasa sai abin ya zo masa da sauƙi. Babur na gabansu da jiniya, motar asibiti na biye. Na lura da wannan motar, don ita ce gani na na ƙarshe da na yi wa motar asibiti a ranar.

Muka juya a ƙarƙashin gadar sama ta Kawo, wadda aka buɗe a farkon 2022. Daga nan labari ya sha bamban.

A ƙa'idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya, tsere irin wannan ana ajiye ruwa kusan duk bayan kilomita biyar. Teburin farko lafiya lau, ruwan leda tuli. Na biyu na samu leda ɗaya da ƙyar. Na uku, a wajen kilomita 15, tebur ne kawai da ledojin da aka sha aka yar, da wata yarinya 'yar sa-kai tana ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifin. "Wallahi Yallaɓai ya ƙare, sun ce ana kawowa." Ba laifinta ba ne. 'Yan tsakiya sun sha, sun zuba a kai, 'yan kallo ma sun ɗiba, ba wanda ya lissafa cewa akwai ɗaruruwan mutane a baya, kuma su ne suka fi buƙata tunda su suka fi daɗewa a rana. Hunturu kuma mayaudari ne. Iska a bushe take, gumi na fitowa yana bushewa nan take, kana ganin ba ka yi gumi ba alhali ruwan jikinka tafiya yake. Ni sai da na shafa fuska na ji gishiri kamar yashi, leɓe ya tsage, sannan na san inda nake.

A kilomita na 17 ƙwabrina na dama ya ɗaure tamau. Na tsaya na dafa turken fitila. A daidai nan ne kuma na ji hon a bayana: an buɗe hanya. Ba wanda ya gaya mana a takardar rajista cewa akwai lokacin da za a buɗe. Na fahimci ba za a rufe Titin Ahmadu Bello yini guda saboda malamin makaranta mai ɗingishi ba, 'yan kasuwa na da haƙƙi, ranar Asabar ce. Amma a faɗa mana tun farko, a ce duk wanda bai kai wuri kaza ba a ƙarfe kaza ya hau gefen titi ko ya shiga motar kwasar waɗanda suka gaji. Babu motar ma. Sai ga mu muna rabon kwalta da keke Napep da bas-bas, lamba a ƙirji kamar waɗanda suka ɓata. Wani direba ya leƙo ya ce, "Alhaji, an fa gama tun ɗazu, hau in kai ka." Na ce masa na gode. Gaskiya sai da na yi tunanin hawa.

Wani mai shayi ne ya cece ni. Ya ga yadda nake tafiya ya ce, "Malam, zo nan." Ya miƙo mini ruwan leda biyu, ya ɗebi sukari da ɗan gishiri ya kaɗa a kofi ya ce in shanye. Na laluba aljihu, babu ko sisi, ya ce, "Haba Malam, je ka, Allah ya kai ka lafiya." Da wannan da dabino uku da na ɓoye a aljihun wando na ƙarasa sauran, gudu kaɗan tafiya kaɗan. Tsohon sojan nan ya cim mini a kilomita na 19, shi da ya girme ni da shekara kusan ashirin, yana tafiyarsa ɗaya tun safe, bai ƙara ba bai rage ba. Bai yi mini gori ba. Cewa kawai ya yi, "Ka yi saurin tashi da safe. Biyo ni." Na bi bayansa ina kallon dugadugansa har muka shiga.

A wajen gamawa an fara naɗe rumfuna, mai lasifika yana kiran sunayen manyan baƙi. Agogon na nan yana aiki, wani yaro ya rubuta lambata a takarda da biro. Lambobin yabo sun ƙare. Aka karɓi lambar wayata aka ce za a kira.

To, in aka tambaye ni ko a shiga, zan ce a shiga, amma da shiri. Mai iya gama kilomita 21 ƙasa da awa biyu zai ga tsere mai tsari, ba zai ma san abin da nake faɗa ba. Wanda yake irina ya ɗauka cewa daga kilomita 12 shi ke riƙe da kansa: ya sa kuɗi a aljihu, ya ɗauki dabino, ya ajiye ƙanensa da babur da ruwa a hanya, kuma in yana da hawan jini ya ga likita kafin ya fara, kamar yadda na yi. Wata huɗu na yi ina atisaye, sau uku a mako, mafi tsawon da na taɓa yi kilomita 16 ne, kuma bai isa ba. Masu shiryawa kuwa ba wani abu mai tsada nake nema a wurinsu ba. A tashi a kan lokaci, a ɓoye wa 'yan baya ruwansu, a sa mota ɗaya a bayan mutum na ƙarshe. Mu ne muka fi yawa, kuɗinmu ne ya cika asusun.

Ranar Litinin da baya-baya na sauko matakalar ajinmu, ɗalibai na ƙunshe dariya. Farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi, daga baya ya fita. Lambar yabo har yau ba a kira ba. Ranar Laraba na koma wajen mai shayin da kuɗinsa, ya ƙi karɓa, sai na zauna na sha shayi da ƙwai uku, na biya wannan.