Shayin rage ƙiba ko sikelin girki: wanne zai taimaki mai tsarin 16:8?

Hajiya, kin tambaya wanne zai fi taimakonki a tsarin 16:8, wato a kame baki daga abinci sa'o'i 16 a kowace rana, a ci a cikin sauran sa'o'i 8. Tunda kuɗin ɗaya kika ware tsakanin shayin rage ƙiba da ƙaramin sikelin girki, sikelin za ki saya. Wanda ya kame bakinsa sa'o'i 16, musamman a makonnin farko, ba ya iya yi wa tukunya adalci idan lokacin ci ya yi, saboda jiki ya saba sakin sinadarin yunwa da ake kira ghrelin a lokutan da aka saba ba shi abinci, kuma saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A cikin waɗannan mintuna mutum zai iya tashi da faranti biyu bai sani ba. Saboda haka abin da kike bukata shi ne a yanke yawan abincin tun kafin yunwa ta kama ki.

Nawa sikelin a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na saye shi, wajen masu kayan kicin, irin mai batir wanda ke nuna giram. Ranar da na fara ɗora farantin shinkafar da nake kira "ɗan kaɗan" a kansa, sai da ya haura giram 400, alhali giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da kalori kusan 130, ban da mai da yajin da ke biyo baya, wanda cokalin cin abinci ɗaya na man kaɗai ya kai kalori 120. Yarana har dariya suke yi wai Mama ta buɗe shagon gwal a kicin. Tsarin da na zauna a kai shi ne, ina sauke girki sai in auna rabona in zuba a ƙaramar kula, in raba wa mutanen gida nasu, in wanke tukunyar. Idan sha biyun rana ta yi, lokacin da nake buɗe baki ke nan, ruwa nake fara sha, in ci dafaffen ƙwai ko alala ko kwaɗon zogale, in tashi in yi wani ɗan aiki, sannan in dawo kan kular. Wake da ƙwai da ganye suna daɗewa a ciki fiye da farar shinkafa ko burodi da shayi mai sukari, don haka lokacin da na zo kan babban abincin, zafin yunwar ya riga ya karye. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san hikimar fara buɗa-baki da dabino da ruwa, a yi sallar magariba, sannan a zauna cin abinci. Kuma a wannan tsarin an yarda ki sha ruwa ko shayi marar sukari a cikin sa'o'in kamewar, abin da ke rage wahalar sosai a zafin Maris da Afrilu.

Amfanin sikelin mafi girma a wurina shi ne ya gyara mini ido. Bayan ɗan lokaci na san ludayi nawa ne rabona na shinkafa, na san girman malmalar tuwon da ta ishe ni, har ya zama ko a gidan biki ba na bukatarsa. Iyakarsa kuma a fili take: ba ya hana hannu kai wa cincin da ƙarfe goma na dare, kuma duk wadda ta ga awon ya fara zame mata damuwa, tana jin tsoron kowace loma, to ta ajiye shi ta nemi likita.

Shi kuwa shayin, kwalinsa yana nan a saman firij ban ƙarasa ba, abin da na samu a ciki murɗar ciki ce da zaryar bayan gida. Da yawa daga irinsa ganyen filasko ne a ciki, wato maganin wankin ciki, nauyin da yake saukewa ruwa ne, yana dawowa da zarar an sha ruwa, yunwar kuma tana nan inda take.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar garin magani a WhatsApp da Instagram, masu ɗora hoton mace kafin da bayan amfani, suna rantsuwa cewa "na gargajiya ne zalla". An sha samun sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba irin waɗannan a ƙasashe daban-daban, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Lambar NAFDAC ma akwai masu buga ta bogi a jikin kwali, don haka ganinta kaɗai bai isa ba, sai an duba ta a rajistar hukumar. Masu sikelin su ma ba duka ne na Allah ba, wasu wanda ya lalace aka dawo da shi suke mayarwa kwali su miƙa miki a matsayin sabo. Kafin ki biya, ki sa a saka batir a gabanki, ki ɗora ledar ruwa mai rabin lita, ya kamata ya nuna kusan giram 500, sannan ki ɗora faranti ki danna maɓallin da ke mayar da awo sifili, ki ga ko yana aiki.

Idan kina da ciwon suga ko olsa, ko kina da juna biyu ko shayarwa, kada ki ci gaba da tsarin sai likita ya amince. Idan babu ko ɗaya, ki sayi sikelin, canjin da ya rage ki haɗa da mudun wake da kiret ɗin ƙwai, kuma idan sa'o'i 16 suna sa ki rama da dare, ki sauko zuwa 12 ko 14 har jikinki ya saba, sannan ki ƙara.