Inji ya fara ƙwanƙwasa bayan an gama haɗa shi: a kan me za ka kashe kuɗi?

Sati biyu da haɗa injin Corolla ta, ƙirar 1998 mai inji 4A-FE, ina kan hanyar komawa gida Aboabo sai na ji ƙwas-ƙwas daga can ƙasa. An sa sabon ringi, sabon gasket, sabon metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Duk wanda ya shiga wannan hali a Kumasi, abu uku za a jera masa: ya zuba baƙin mai mai kauri, ya sayi injin da aka sauko da shi daga waje, ko a sake buɗewa a auna karanshaf, sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji.

Kafin ka ciro ko sidi ɗaya, ka saurari motar. Ƙarar da ke fitowa daga sama, siririya kamar keken ɗinki, yawanci tafet ce, abin da ke tura bawul, saiti take so. Wadda ke tashi da sanyin safiya ta lafa idan inji ya ɗau zafi, fistin ne ke rawa a silinda. Idan sai a kan tudu kake jin ta kamar tsakuwa a gwangwani, a duba taimin. Ta ƙasa mai nauyi, wadda ke ƙaruwa da taka totur, ita ce abin tsoro. A riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka cire ƙarar ta ragu, metal ɗin kwanrod ɗinta ne, ƙarfen da ya haɗa fistin da karanshaf.

Mai mai kauri irin 20W-50 rufe baki kawai yake yi, ciwon yana nan. Injin waje kuwa sayen kifi ne a ruwa.

Ni dai na ukun nake so, a buɗe a auna karanshaf. Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, cike take da masu gugar karanshaf, kuma aikinsu lissafi ne. Za a ɗora maikiromita, abin auna kauri, a kan kowace gaɓa, a ga ko ta cinye ko ta daina zagaye. Idan aka goge milimita 0.25, dole a sayi metal mai lambar 0.25, idan 0.50 ne, 0.50. Ratar da mai ke bi tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Nan aka cuce ni. An taɓa goge karanshaf ɗina tun kafin motar ta zo hannuna, makanikena bai auna ba, ya sa metal mai girman asali, na karanshaf da ba a goge ba. Da muka sauke kwanon mai, wani dattijo a shagon guga ya lakato da yatsa ya nuna min garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya ce, "Alhaji, wannan inji da ido aka haɗa shi." Ka tsaya a kan masu aikin su wanke ramukan mai na cikin karanshaf, su duba famfon mai, in ba haka ba sabon metal ma ba zai yi wata guda ba.

Sai maganar jabu, wadda ta fi ci min rai. Taiho da Daido kamfanonin Japan ne masu suna wajen ƙera metal, shi ya sa kwalinsu ake kwaikwaya. Kada kwali ya ruɗe ka. Buɗe shi a gaban mai shago, ka juya bayan metal ɗin ka karanta lambar da aka buga, ta dace da ta kwalin. Akwai masu wanke tsohon metal su mayar a sabon kwali. Ka ɗaga shi a rana, zanen gogayya zai fito. Kada ka ba yaron shago kuɗi ya je shi kaɗai, ku tafi tare. Baƙin mai da ake aunawa daga durom a bakin titi ma haka, wani tsoho ne aka tace. Saya a gidan mai, jarka a rufe, a buɗe ta a gabanka, kuma ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire ka tafi da su gida.