Mai shekara 40 a ɗurin harsashi da mai shekara 4: gaban wa za ka zauna?

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka fara zuwa filin harbi a garin da kake a nan Amurka, ka lura masu ɗura harsashi da hannunsu ba sa buɗe baki sai sun fara da ƙirgen shekaru. Wannan ya ce shekararsa 40 yana yi, wancan ya ce shi tun zamanin Shugaba Carter. Ga kuma wani matashi da bai wuce shekara 4 da farawa ba, amma kowa na yabon harbinsa. Kana tambaya wanne ya kamata ka zauna a gabansa ka koya. Na zauna gaban irin mutanen nan biyu, bari in jera maka su yadda na gan su.

Saboda 'yan'uwan da ba su san harkar ba: harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanson tagulla, akwai ɗan maɓallin da ke gindinsa mai tayar da wuta wanda suke kira firaima, akwai albarushi, sai kan harsashin da ke fita. Idan an harba, kwanson ne kaɗai ke saura, shi ake tsincewa a wanke, a mayar da shi girmansa, a sake cika shi. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya yi wa kansa, in zai sayar ne sai da lasisi, kuma wasu jihohin na da nasu ƙarin sharuɗɗan. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi a gida, don haka maganar nan ta mazauna Amurka ce kawai.

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne cewa shekara tana auna yawan aiki. Dattijon da na fara zama wurinsa maharbin barewa ne. Kaka na shigowa zai sauko da kayansa, ya ɗura kamar guda 40, ya gwada 10 a filin harbi, ya tafi daji da sauran, ya mayar da kaya cikin kwali sai baɗi. Ka lissafa: shekara 40 sau 40, harsashi 1,600 ke nan, kuma duk na bindiga ɗaya. Matashin kuwa ɗan gasar ƙaramar bindiga ne, yana ɗura 1,000 a wata. A shekara 4 ya yi 48,000. Wa ya fi wani daɗewa a bakin teburi? Amma kada ka yi saurin ba matashin kambu, domin shi ma 48,000 ɗin nan duk iri ɗaya ne, awo ɗaya, inji ɗaya. Kowannensu ya san lungunsa ne kawai. Akwai dattawan da suka haɗa yawa da iri-iri, sun yi na dogon zango, sun yi na ƙaramar bindiga, sun narka dalma sun zuba nasu kan harsashin. In ka dace da irin wannan, to ka riƙe shi hannu bibbiyu, sai dai ba kowane mai furfura ne shi ba.

Abin da dattijon nan ke da shi wanda ba a saye a kanti shi ne hannu da kunne. Wata rana ina zaune gefensa a garejinsa yana danna firaima cikin kwansuna ɗaya bayan ɗaya, muna hira. Sai na ga ya tsaya, ya ɗaga wani kwanso, ya jefa shi cikin gwangwanin shara. Na ɗauko na juya, ban ga komai ba, yana ƙyalli kamar sauran. Ya ce ya shiga da sauƙi fiye da kima, ramin ya buɗe, alamar kwanson ya sha matsin harbi ya gaji. Yatsansa ne ya gaya masa. Haka yake lanƙwasa bakin siririyar waya ya zura cikin kwanso yana shafa bangon ciki kusa da gindi, in ya ji ta maƙale a wani ɗan kwari, ya san kwanson na shirin rabewa biyu a harbi na gaba. A filin harbi kuma na ga ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar wani da ke shirin sake jan kunama, saboda ƙarar harbin da ya gabata ta fito masa "fut" maimakon "ɗau". Da aka leƙa, ga kan harsashi ya tsaya tsakiyar bututu, an manta ba a zuba albarushi ba, firaima kaɗai ta tura shi. Da na biyun ya biyo baya, da sai dai wani labarin. Mu duka muna wurin, kunnensa ne kaɗai ya kama.

Matashin ba shi da wannan. Bai taɓa ganin bindiga ta fashe ba, kuma wanda bai gani ba tsoronsa na baki ne.

To amma ga inda dattijon ke ba ni tsoro. Awon albarushinsa a ka yake. Littafin da ya koya da shi bugun shekarun 1970 ne, bangonsa ya yage, an ɗaure shi da roba, kuma ko shi ba ya buɗewa. In ka san tarihin harkar za ka gane dalilin damuwata. Ta bunƙasa ne daga lokacin yaƙin duniya na biyu zuwa bayansa: Fred Huntington ya kafa kamfanin kayan ɗuri na RCBS a 1943 a Oroville ta Kalifoniya, Bruce Hodgdon ya sayi ragowar albarushin soja ya fara sayar wa jama'a a 1947, Joyce Hornady ya buɗe nasa kamfanin a Nebraska a 1949, Richard Lee kuma ya fito da ɗan kayan ɗuri mai araha a 1958 wanda ya shigar da talaka cikin harkar. A wancan zamanin da yawa daga awon da ake bugawa da ido aka same shi: a yi ta ƙarawa har kwanso ya nuna alamar wahala, sai a ɗan ja baya. Masu kayan gwaji kuma ɗan dunƙulen jan ƙarfe suke sakawa, su harba, su auna yadda ya lotse. Daga baya aka koma na'urar lantarki mai nuna yadda matsi ke hawa da sauka a cikin bututu, sai aka gano wasu tsofaffin awon sun haye iyakar da SAAMI, ƙungiyar masana'antun makamai da aka kafa a 1926, ta gindaya. Shi ya sa in ka ajiye tsohon bugu da sabo gefe da gefe, sau da yawa za ka ga an rage. Dattawa na cewa lauyoyi ne suka tsorata kamfanoni. Ni dai na fi yarda cewa ma'auni ne ya gyaru.

Kuma gwanayen da suke tinƙaho da su ba su tsira ba. Elmer Keith, wanda gwaje-gwajensa suka kai ga fitowar harsashin .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, sai da wata bindigar Colt ta fashe a hannunsa a shekarun 1920 saboda ɗurin da ya wuce kima. P.O. Ackley shi da gangan ma yake fasa bindigogi don ya ga iyakar ƙarfinsu. Mutanen nan sun koya da tsada, kuma sun rubuta abin da suka gani. Wanda ke kwaikwayon ƙarfin halinsu ba tare da rubutunsu ba, rabin gadon ya ɗauka.

Sai maganar sabo, wanda Bahaushe ya ce turken wawa ne. Awon nan da giren ake yinsa, giren 7,000 ne laba ɗaya, wato giram ɗaya ya haura giren 15. A ƙaramar bindiga abin da ake zubawa bai cika kwanso ba, har ana iya zuba biyu a kwanso ɗaya ido bai lura ba. Sabon shiga yana leƙa kowane kwanso da tocila saboda gabansa na faɗuwa. Wanda ya shekara 40 yakan kunna talabijin, jikoki na shige da fice, hannu na aiki shi kaɗai. Na taɓa ganin gwangwani biyu na albarushi a buɗe a kan teburin dattijon nan lokaci guda, abin da kowane littafi ya hana. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce ya san su da ido. Alhali akwai albarushi har kala uku masu lamba 4350 daga Hodgdon da IMR da Accurate, sunan kusan ɗaya, awon kowanne daban.

Matashin a nan ya yi masa nisa. Teburinsa kamar ɗakin gwajin magani: sikelin lantarki da yake gwadawa da ma'aunin tabbatarwa kafin ya fara, gwangwani ɗaya tak a sama, takarda manne a jikin kowane kwali da kwanan wata da abin da ke ciki. Yana da na'urar auna gudun harsashi, irin ƙaramar nan ta Garmin da ta fito a 2023 wadda ke shiga aljihu. Abin da dattijo ke cewa "ina jin ya yi daidai", shi lamba yake nuna maka. In gudu ya wuce abin da littafi ya ce, ya san matsi ma ya wuce, ko da kwanson bai nuna komai ba. Wannan ilimi ne na gaske, kuma dattijon bai da shi, domin alamun da yake dubawa a jikin firaima sukan bayyana ne bayan an riga an tsallake iyaka.

Raunin matashin biyu ne. Na ɗaya, injinsa irin na kamfanin Dillon ne mai yin ayyuka da yawa a jan hannu guda, kowane ja harsashi ya faɗo. Da shi ya fara, bai taɓa bin matakan ɗaya-ɗaya a kan inji mai aiki guda ba, don haka ranar da injin ya sarƙe, ya ja baya ya sake ja, bai san wane kwanso ne ya samu biyu wane ne bai samu ba. Na biyu, yana yarda da abin da ya gani a waya. Lokacin ƙarancin kaya na 2020 da 2021, da firaima ta yi wuyar samu kamar ruwa a rani, ya sayi duk wadda ya samu ya ci gaba da awonsa na da. Dattijon ne, wanda ya ga ƙarancin 2009 da na 2013 kuma yana da ajiya a kabad, ya ce masa duk abin da ka canza cikin huɗun nan, ka koma awon farko na littafi ka sake hawa a hankali. A wannan ranar dai furfura ta yi rana.

Ka ga ke nan kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa, amma ba zan bar ka a tsakiya ba. In dole sai ɗaya, ni dattijon zan zaɓa maka a watannin farko, da sharaɗin ka je da sabon littafinka a hammata. Na kamfanin Lyman ya kai bugu na 50 a 2016, an ma yi wani bayansa, Hornady da Speer da Sierra duk suna da nasu, Hodgdon kuma na sa awonsa kyauta a shafinsa. Ka koyi hannu a wurinsa: yadda ake duba kwanso, yadda ake jin abin da bai zauna daidai ba, yadda ake tsayawa idan wani abu ya yi baƙo. Lamba kuwa kada ka karɓa daga bakin kowa, tsoho ko yaro, sai ka gan ta a bugun kamfani, ka kuma gwada ta da bugu na biyu. In ya ce maka littafin matsorata ne, ka ce to, ka ci gaba da bin littafin. Bayan ka iya matakan, sai ka koma wurin matashin ka koyi awo da ajiye lissafi. NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, ma na da ɗan kwas na masu farawa, in akwai malami kusa da kai ba asara ba ne.

Kuma kafin ka zauna gaban kowa, akwai tambayoyi biyu da suka fi "shekararka nawa" amfani. Ka ce ya nuna maka littafin da yake rubuta ɗurinsa. Na ga mai shekara 30 da ba shi da ko shafi ɗaya, na kuma ga wani tsoho da ya jawo littattafai 6 daga kan kanta, ya buɗe maka ranar da ya gwada wani ɗuri cikin sanyin Janairu da abin da ɗurin nan ya yi masa a zafin Yuli. Sannan ka tambaye shi kuskuren da ya yi na baya-bayan nan. Wanda ya ce bai taɓa yi ba, ka gode masa ka kama gabanka. Wanda ya ce "bara na warware guda 200 saboda na yi shakkar ɗaya", zauna.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba: firaima da ƙurar wanke kwanso duk akwai dalma a cikinsu. Matashin na sa safar hannu yana wanke kwansunansa da ruwa, dattijon kuwa na cin gyaɗa a kan teburin. A nan kada ka bi dattijo, musamman in akwai yara a gidan.

Ranar da zan bar garejin nasa na roƙe shi ya ba ni guda 5 daga cikin nasa in gwada a tawa bindigar, tunda girman harsashinsu ɗaya. Ya hana ni. Ya ce an auna su ne da bututun tasa, bai san tawa ba, kuma shi kansa shekara 40 bai taɓa harba ɗurin wani ba. Sai ya juye min kwansuna 50 da babu komai a ciki a leda, ya ce in wanke su in dawo ranar Asabar.