Yarinya mai sikila: makarantar kwana mai nas, ko jeka-ka-dawo ta kusa da gida?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, ban so in amsa a tsaitsaye ba. Kin ce kuna Argungu, 'yarki shekararta 12, SS ce, kuma bana ta gama firamare. Babanta yana son a kai ta makarantar kwana a Birnin Kebbi saboda an ce akwai nas da ɗakin shan magani, ke kuma hankalinki ya fi kwantawa da jeka-ka-dawo ta unguwarku, wadda ba ta da komai sai akwatin taimakon gaggawa. Allah Ya ƙara mata lafiya. Na yi shekaru ina aikin jinya, wasu daga ciki a makarantar kwana ta 'yan mata, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Alhaji yana da hujjarsa. Inda akwai nas ta gaskiya, yarinya za ta sha folic acid ɗinta da maganin kariyar maleriya a kan lokaci, a auna zafin jikinta, a yi mata gwajin maleriya nan take, a rubuta komai a kati. Ba za ta riƙa taka sayyada da azahar ba a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuma Birnin Kebbi tana da Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya, inda ƙarin jini da ganin likitan yara suka fi sauƙi.

Amma sai kin bincika me ake nufi da "akwai nas". A makarantu da dama, wadda ake kira nas ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, wani wurin ma malama ce kawai aka damƙa wa mabuɗin ɗakin magani. Ko mai lasisin ce, da yawa suna tashi aiki da la'asar, su bar wa metiron, wato uwar ɗakin kwanan ɗalibai, kwalin farasitamol. Ciwon sikila kuwa bai san lokacin tashi aiki ba. Ba na manta wata ɗaliba da ciwon ƙirji ya kama tun bayan isha'i, ta dunƙule a gado ta yi shiru don kada siniyoyi su ce ragwanta ce. Ba a kawo mini ita ba sai da gari ya waye, numfashinta yana sama-sama. Sannan aka shiga neman shugabar makaranta ta sa hannu a takardar fita, aka shiga neman direba. Allah Ya sa da sauran kwana, amma har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Ki kuma dubi yadda rayuwar kwana take. A tashi kafin asuba a watan Disamba da Janairu, a yi wanka da ruwan da ya kwana a bokiti cikin hunturu, a ɗebo ruwa, a yi shara cikin ƙura. Sanyi, ƙishirwa, gajiya da zazzaɓi su ne manyan masu tayar da ciwon, kuma ɗakin kwanan ɗalibai ya tara su duka. Ga sauro: binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba, kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 an same su da cutar. Maganin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na ƙananan yara ne, haka allurar rigakafin maleriya da aka fara a Kebbi a Disambar 2024, duk 'yarki ta wuce shekarunsu. Gidan sauro da maganinta su ne garkuwarta, kuma wa zai duba ta shiga gidan sauron kowane dare? Da bazara kuma ga sanƙarau, wanda ya fi samun hanya inda ake kwana a cunkushe. Mutanen Gwandu, Aliero da Jega ba su manta ɓarkewarsa a farkon 2025 ba. Ko wacce makaranta kuka zaɓa, ki tambayi likitanta batun rigakafinsa.

Ita ma jeka-ka-dawo kada ki raina matsalarta. Akwatin nan, in kin buɗe, auduga ce da aidin da filasta, wani lokaci maganin ma ya daɗe da lalacewa. Babu wanda ya san ciwon. Malami zai tsayar da ita a rana wajen asambili, ko ya zane ta don ta makara. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa da banɗaki. Ƙodar mai sikila ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa, dole ta yawaita sha, dole ta yawaita fita. To idan banɗakin makaranta ba ya shiguwa, ko malami yana hana fita, yarinya mai kunya sai ta daina shan ruwan baki ɗaya, ta wuni da ƙishi, da dare ƙafa da baya su ɗauka. Iyaye da yawa ba sa gano daga inda abin ya taso.

Sai dai waɗannan duk abubuwa ne da za ki iya gyarawa da ƙafarki, ki je ki zauna da shugaban makaranta. Kuma awa shida ce ko bakwai, sauran wunin da daren gaba ɗaya tana gabanki. Ke kika san kalar idonta idan jini ya yi ƙasa, ke kika san irin shirun da take yi kafin ciwo ya taso. Nas mai ɗaruruwan ɗalibai ba za ta san wannan ba a zangon farko.

Ni dai da 'yata ce, jeka-ka-dawo zan bar ta har ta gama aji uku na sakandare, ta iya buɗe baki ta ce "ba ni da lafiya, a kira gida" ba tare da tsoron kowa ba. Idan Alhaji ya dage kan ta kwana, ku je tare, ku tambaya ko nas tana kwana a cikin makaranta, ko akwai mota da direba da daddare, ko za a yafe mata aikin ƙarfi a ba ta ruwan zafi, da kuma wa ke da ikon fitar da ita asibiti ƙarfe biyun dare ba tare da jiran sa hannu ba. Ku nemi ganin ɗakin maganin da idonku, da yamma, ba ranar ziyara ba.

In kuwa ta gida ce, ki karɓo takarda daga likitanta ki kai wa shugaban makaranta da malamin ajinsu, da lambobin waya biyu a jiki. A rubuta ƙarara cewa zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, wahalar numfashi, matsanancin ciwon kai, ɗashewar ido da tafin hannu, ko rashin ƙarfin hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya, asibiti ake tafiya nan take, ba a jira a tashi. Ki sa mata gorar ruwa babba da rigar sanyi a jaka, ki kuma roƙa a ba ta kujera kusa da ƙofa.