Gargaɗi: wani mai sayar da risibar sauti ta Facebook ya cinye min naira 197,000

Naira 197,000. Na sake lissafawa yau da asuba, 197,000 ne cif, kuma abin da ke ajiye a falona yanzu ƙarfen banza ne mai warin ƙuna.

Wata bakwai ina tara kuɗin nan. Sifiku biyar da wufa ɗaya (babbar sifika mai fitar da sauti mai kauri) na riga na saya tun bara, risibar da za ta haɗa su da talabijin kawai ta rage. Kuma ban shiga da ka ba. Na san bambancin RMS (ma'aunin ƙarfin sauti na gaskiya) da PMPO (ma'aunin da ake kumburawa don talla), na san duk akwatin da aka rubuta wa "5000W" da manyan haruffa ƙarya ce. Yamaha RX-V385 nake nema, mai 5.1 (sifiku biyar da wufa ɗaya), wat 70 a kowace hanya, mashigar HDMI huɗu, da ARC don sautin talabijin ya dawo ta waya ɗaya. Sifikuna masu om 8 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), sun dace da ita. Duk wannan na bincika kafin in yi magana da kowa.

Mutumin ya ce shagonsa yana Legas, kayan tokumbo yake kawowa. Ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya kunna ta a gabana, fitilar gaba ta kama, sauti ya fito. Na ce, "Malam, juya min bayanta in ga rubutun wuta." Ya ce, "Haba Alhaji, 220 ce wallahi, ni ɗan'uwanka ne, ba zan cuce ka ba." Ya juya ta da sauri, hoton ya ɗan dushe, ya mayar. Nan ne. Wannan daƙiƙar nake ta maimaitawa a kaina. Na tambaya fa! Tambayar da ta kamata na yi. Ya rantse da Allah, da Hausa, da muryar dattijo, ni kuwa na ji kunyar in ce ya sake juyawa.

Na tura 95,000 a ranar. A'a, kafin nan ma sai da ya turo min hoton kwalin da sunana a jiki, shi ya sa na tura. Sauran 90,000 ranar Alhamis, bayan direba ya kira ya ce kaya suna mota. Sai 12,000 kuɗin mota, wanda da farko ya ce a kansa ne. 95,000 da 90,000 da 12,000.

Da na ɗauko daga tasha na ga an manna wata takarda a bayanta, daidai wurin rubutun wuta. Yara sun taru, uwargida tana tsaye. Na jona. Ƙara ɗaya ta yi, hayaƙi ya tashi. Na ɓare takardar da hannuna yana rawa: 120V, 60Hz. Ta Amurka ce. Wutarmu 230 ce, 50Hz, ba na'urar rage wuta a tsakani, me zai hana ta ƙone?

Mai gyara da ya buɗe ta ya ce ko da ban jona ba an riga an cuce ni. Allon HDMI babu shi sam, an cire, ramukan kawai aka bari. Ba rimot, ba makirfon ɗin daidaita sauti da ke zuwa da ita. Wato wadda ya kunna min a bidiyo daban, wadda ya turo daban.

Na kira ya fi sau talatin. Ranar farko ya ɗauka ya ce wutar gidana ce ta lalata ta. Washegari ya toshe ni, ya goge tallar. Sunan da ke kan asusun bankin ma ba shi ne sunan da ya gaya min ba, na gani tun ranar farko, ya ce na ƙaninsa ne. Hotunan hirarmu da rasitan tura kuɗi guda uku suna nan, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin. Na kai ƙara banki jiya.

Kar ku biya sai kun ga lambar siriyal da rubutun wuta a hoto tsayayye, kuma a gwada HDMI a gabanku. In ya ƙi, ku bar masa kayansa.

197,000. Allah ya isa tsakanina da shi.