Ƙofa ta kulle ta sake buɗe kanta: a bar akwatin sentiral lok ko a koma rile biyu?

Ɗan'uwanmu mai Corolla ta 2001, irin wadda ba ta zo da sentiral lok daga kamfani ba, ya kawo tambaya. An saka masa na kasuwa, mai inji huɗu da ɗan baƙin akwati, daga baya aka ƙara masa alam mai rimot. Yanzu in ya danna kulle, sigina ta kifta, ƙofofi su kulle, kafin ya juya baya sun buɗe. Wani riwaya ya ce a tsige akwatin a haɗa injinan da alam ta rile biyu, wato ƙananan makunnai da ƙaramar wuta ke kunnawa su wuce da babbar wuta. Wani kuma ya ce akwatin lafiyarsa ƙalau. Wanne zai bi?

Malam, duka biyun suna aiki in an yi su daidai. Inda suka rabu shi ne wanda ke ba injinan ƙofa wuta.

Injin da ke cikin ƙofa ba shi da wata dabara. Waya biyu gare shi, galibi shuɗiya da koriya. Ka ba ɗaya wutar volt 12, ka ɗora ɗayar a bodi, wato ƙarfen jikin mota wanda shi ne negatif, sai ya tura. Ka juya su, sai ya ja. Don haka dole a sami abin da zai riƙa juya masa wuta. A tsarin akwati, akwatin ne ke wannan aiki, alam kuwa ɗan aike ne kawai: ya taɓa ɗaya daga cikin siraran wayoyi biyu, fara ko mai ruwan ƙasa, da negatif na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, akwati ya yi saura. A tsarin rile babu akwati sam. Alam ne ke kunna rile ɗaya don kullewa, ɗaya don buɗewa, wuta ta tafi injinan kai tsaye daga batir.

To ga abin da ya shafe ka. Wannan cuta ta kulle-buɗe kusan kullum ta tsarin akwati ce, amma da wuya akwatin ne mai laifi. Injin ƙofar direba waya biyar gare shi, ba biyu ba. Ƙarin ukun, baƙa da fara da mai ruwan ƙasa, suna zuwa ga wani ɗan makunni a cikinsa wanda ke shaida wa akwati ko ƙofar direba a kulle take ko a buɗe. Idan alam ya ba da umarni, injinan suka tura, amma na direba bai kai ƙarshen tafiyarsa ba, makunnin ba zai juya ba. Akwati yana ganin har yanzu direba a buɗe yake, sai ya mai da sauran su yi daidai da shi. Abin da kake ji ƙas-ƙas sau biyu ke nan.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A cire wayoyin alam biyu daga kan fara da mai ruwan ƙasa, a naɗe bakinsu. A ɗauki guntuwar waya daga bodi a ɗan taɓa kowacce. In ƙofofin sun kulle sun sake buɗewa alhali alam ba ya ciki, ka wanke alam. Sai a cire marfin cikin ƙofar direba a duba inda sandar injin ta kama sandar makulli. Wani ɗan ƙarfe ne mai ƙananan sukurori ke riƙe su, kuma girgizar hanya tana sa ya zame kaɗan-kaɗan. Tafiyar injin duka kusan santimita biyu ce, zamewar da ido bai cika gani ba ta isa ta ɓata lissafi. A sassauta, a ja makulli da inji duka zuwa buɗe, a ɗaure, a tura da hannu a tabbatar dukansu sun kai ƙarshe tare. A duba kuma ko injin yana kwance layi ɗaya da sandar, don in ya karkace rabin ƙarfinsa a lanƙwasa sanda yake ƙarewa. Sannan ƙurar hunturu: tana haɗuwa da tsohon giris a cikin makullin ta zama kamar ƙullu, injin da yake turawa lafiya da damina sai ya gaza a watan Janairu. A wanke, a sa sabon giris.

Ka lura, in ka koma rile biyu ba tare da an gyara wannan ba, kulle-buɗen zai daina, ka ɗauka an warke. Abin da zai faru shi ne ƙofofi uku su kulle, ta direba ta tsaya rabi, ka tafi kasuwa ka bar mota a buɗe ba wanda ya gaya maka. An gudu ba a tsira ba.

Tsarin rile na da nasa cututtukan, sai dai sun fi sauƙin kamawa, don komai a fili yake. Rile mai ƙafa biyar ake sa wa, kowace ƙafa da lambarta a jiki. Lamba 30 tana zuwa wayar inji, 87 tana zuwa batir ta fiyus mai amfiya 15, 87a tana zuwa bodi, 86 ta karɓi wuta, 85 ta karɓi negatif daga alam. In rile na ƙara amma ba abin da ya motsa, a duba fiyus da inda aka ɗaure wayar bodi, yawanci kan fenti ko tsatsa aka ɗaure ta. In yana buɗewa amma ba ya kullewa, mutane sukan ruga su canja rilen kullewa, alhali sau da yawa matsalar tana ɗaya rilen ne: lokacin kullewa wuta tana fita ta rilen kulle, ta ratsa inji, ta koma bodi ta ƙafar 87a ta rilen buɗewa. In wannan ƙafar ta saki, kullewa ce za ta mutu. In kuwa fiyus na ƙonewa da zarar an saka shi, ko rimot ba a taɓa ba, an musanya 30 da 87, wutar batir tana zuba bodi kai tsaye.

Wajen nauyin wuta ma akwai bambanci. Kowane inji na iya jan amfiya uku zuwa biyar idan ya kai ƙarshe ya tokare, ka ninka huɗu. Wasu alam siraran wayoyi biyu kawai suke fitarwa, masu ɗaukar miliamfiya 200 zuwa 500. Waɗannan sun isa su tashi akwati ko rile, amma in aka ɗora musu inji kai tsaye, alam ɗin ne zai ƙone ta ciki. Yawancin na ƙasar Sin da ke kasuwanninmu kuwa suna zuwa da rile a cikinsu, za ka ga waya shida: fara, rawaya, ruwan lemo, da irinsu uku masu baƙin layi. In naka irin wannan ne, rile biyun da ake ce ka saya suna nan a ciki tuntuni. Don tsarin akwati, rawaya biyu su je bodi, farare biyu su je siraran wayoyin akwati, a bar ruwan lemo. Don tsarin kai tsaye, rawaya su karɓi wuta, ruwan lemo su je bodi, farare su je injinan. A gwada da zanen da ke cikin kwalin kafin a yanka komai, don ba kowane kamfani ke bin waɗannan launuka ba.

Akwai kuma tsawon umarni. Alam da yawa suna da zaɓi biyu, gajere na kusan daƙiƙa 0.8 da dogo na kusan uku da rabi. Dogon na motocin da makullinsu ke aiki da famfon iska ne, irin Golf 3 da Marsandi 190 da V-boot. In aka bar shi a dogo a tsarin rile, injinan za su tokare suna shan wuta har su yi zafi, a hankali su mutu ɗaya bayan ɗaya. A tsarin akwati da sauƙi, don galibi akwatin ne ke ƙayyade lokacin da zai ba su wuta.

Abin da ya fi kowanne muni shi ne gamin gambiza, kuma ana yawan yin sa: a bar akwati a haɗe, a kuma ɗora wayoyin alam masu wuta kan shuɗiya da koriya. Akwati in yana hutawa yana riƙe da wayoyin nan biyu a bodi. Alam na turo wuta, shot ne nan take, sarki biyu ke nan a gari ɗaya. Fiyus zai yanke, kuma in wani gwani ya naɗa masa zaren waya ko ya sa mai amfiya 30, wayar da ke ƙarƙashin kafet ce za ta narke maimakonsa.

Ni a motar gida akwatin zan bari. Da shi, in ka murɗa makulli a ƙofar direba ko ka danna maɓallinta daga ciki, duk ƙofofi suna bi, ko batirin rimot ya mutu. A tsarin rile ka rasa wannan, sai an ƙara maka makunni daban, in ba haka ba ranar da rimot ya ƙi, ƙofa-ƙofa za ka bi da hannu. Inda zan zaɓi rile shi ne in an tabbatar akwatin ya ƙone, ko motar haya ce da ake bugun ƙofofinta yini guda, don rile ko a tasha za ka samu, kuma ba makunnin da zai zame. In za a yi haka, a cire akwatin gaba ɗaya, a naɗe ƙarin wayoyi uku na injin direba.

Kafin riwaya ya mayar da marfin ƙofa, ka sa ya ja robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da bodi. Nan suke karyewa a cikin bawonsu saboda buɗewa da rufewa, kuma in baƙar wayar makunni ko 'yan uwanta biyu ne suka tsinke rabi, akwati zai riƙa samun labarin ƙarya ko da sanda ta zauna daidai. Ya riƙe kwan gwaji a kan wayar, kai kuma ka riƙa kaɗa ƙofar a hankali, ku ga ko hasken zai ɗauke.