Mai 60Hz ko mai 120Hz, wacce ta fi riƙe caji?

Ɗan'uwa, cikin wayoyin nan biyu da ka turo, tunda kowacce batirinta 5000mAh ne, ɗauki mai 60Hz ɗin, wato wadda sikirinta ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ka huta.

Irinta ce a hannuna shekara biyu kenan. Ranar da na kai mahaifiyata ganin likita a Abuja, bayan sallar asuba na zare ta daga caji, muka hau jirgin ƙasa a tashar Rigasa ta Kaduna. Yini guda ƴan'uwa suna kira suna tambayar jikinta, ni kuma ina ta tura musu saƙo. Har muka dawo gida bayan isha'i ba ta mutu ba, ban roƙi kowa caja ba. Tun ranar na riƙe ta hannu bibbiyu.

Ga inda cajin yake zurarewa. A ƙarƙashin gilashin sikirin akwai wata siririyar raga da waya ke lalubawa tana neman yatsanka, wasu har sau 240 a daƙiƙa ɗaya. Laluben ba shi ne babban mai ci ba, abin da ke biyo bayansa ne. Da ka ɗora yatsa, furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, zai ƙara gudu, sikirin mai 120Hz kuma ya shiga sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa maimakon 60, aiki ya ninka kenan. Mai yini yana jan Facebook da TikTok kuwa, yatsansa ba ya sauka.

Mai 120 ɗin akwai santsi, ban musa ba. Na taɓa saya, kafin la'asar nake fara neman soket. Za ka iya mayar da ita 60 a saiti, amma to me ka biya wa kuɗin?

Ko wacce ka ɗauka, kashe girgizar kibod, ka rage hasken sikirin.

Sannan don Allah ka buɗe ido wajen saye. Akwai masu sa wa waya jabun sikirin su ce maka ba a taɓa kwance ta ba. Irin wannan yana danna kansa ba wanda ya taɓa shi, ka tarar da waya ta yi zafi caji ya zube. Kafin ka miƙa kuɗi, danne alamar wata manhaja ka zagaya da ita kowace kusurwa. In ta kuɓuce maka ko sau ɗaya, mayar wa mai sayarwa da kayansa.